LA'ADA A KAN MAJINYACI: DARASI DAGA DOKOKIN AMURKA KAN DILLANCIN MASU SHAYE-SHAYE

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya, a babban ɗakin taro na makaranta



GABATARWA

Da farko ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana, sannan ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga ya dace a ba ni wannan dama, alhali akwai waɗanda suka girme ni a shekaru da ilimi zaune a nan. Rabona da in hau kan wannan dandamali tun ranar da aka kira sunana a asambuli saboda tsallake katanga, kuma ga malamin da ya yi mini bulala a ranar can yana kallona yana murmushi. Malam, Allah ya saka da alheri, bulalar ta yi amfani.

Da sakatare ya ce in zaɓi abin da zan yi magana a kai, sai na zaɓi wani al'amari da aiki ya haɗa ni da shi, kuma ya taɓa gidanmu. A ofishinmu an ba ni aikin tattara bayani a kan yadda wasu ƙasashe ke sa ido a kan cibiyoyin gyaran masu shaye-shaye. A cikin wannan bincike ne na ci karo da dokokin da Amurka ta kafa na hana biyan la'ada ga wanda ya kai mai shaye-shaye wurin jinya. Zan faɗi abin da ya jawo dokokin, da abin da suka ƙunsa, da inda suka gaza, sannan in dawo gida. Amma bari in fara da abin da ya sa na karanta su da zuciya ɗaya.

ABIN DA YA FARU A GIDANMU

Ina da ɗan yaya, yaro mai hankali, wanda abokai suka koya wa shan kodin da tiramol tun bai gama sakandare ba. Mahaifinsa ya rasu, sai uwar ita kaɗai. Da abin ya fi ƙarfinta, ta kai shi wani asibiti ba tare da ta gaya mana ba, saboda kunya. Aka ce mata babu gado, ta dawo bayan mako biyu. Tana fitowa bakin ƙofa tana share hawaye, sai wani mutum mai tsabtar kaya da laushin murya ya tare ta, ya ce, "Hajiya, sannu, Allah ya shirya mana. Na san wani wuri, wata uku kacal, za ki ga kamar an sake miki yaro." Har ya tare musu mota, ya raka su.

Yayata ta sayar da keken ɗinkinta da 'yan kunnenta na zinariya ta biya. Wata uku yaro yana kulle a ɗaki, likita bai taɓa duba shi ba, in ya yi gardama a ba shi ƙwayar barci. Ya fito bai yi mako uku ba ya koma ruwa. Abin mamaki, tun kafin ta nemi mutumin nan, shi ya fara bugo mata waya, wai ya ji labari, a mai da yaron, wannan karon a yi wata shida. A nan ne maganar ta iso gare ni. Da na je na bincika, wani ma'aikacin wurin ya raɗa mini cewa kashi ɗaya cikin uku na duk kuɗin da aka biya, na mutumin nan ne, kuma duk lokacin da yaro ya dawo sai an sake ba shi nasa.

Jama'a, ku dubi wannan lissafi. Malamin lissafinmu yana nan, zai gyara mini in na yi kuskure. In yaro ya warke, mutumin nan ya ci sau ɗaya. In bai warke ba, ya ci sau biyu, sau uku. To, wace addu'a kuke jin yake yi wa ɗanmu in ya kwanta da dare?

BAMBANCIN DILLALIN KARA DA DILLALIN MAJINYACI

Wani zai ce, ai la'ada ba sabon abu ba ce a wurinmu. Gaskiya ne. Da dillali muke sayen rago a kara, da shi muke kama gidan haya, ɗan kamasho kuma shi ke cika mota a tasha. Dillanci sana'a ce ta mutunci, kuma da yawanmu da kuɗinta aka biya mana makaranta. Amma a kara kowa ya san dillali dillali ne, an san la'adarsa, kuma mai saye yana iya taɓa ragon, ya duba haƙoransa, in bai yi masa ba ya wuce gaba.

Uwar da ta kawo ɗanta jinya ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba ta san mai ba ta shawara yana da rabo ba, ta ɗauka taimako ne don Allah. Ba ta da ilimin da za ta bambance jinya ta ƙwarai da ta bogi. Ga tsoro, ga kunya, ga gaggawa. Shi kuma yaron ba ya cikin hayyacinsa balle ya zaɓa. Sannan wurin da ya fi biyan la'ada mai tsoka, da wuya ya zama shi ne wurin da ya fi iya aiki, domin kuɗin da ya kamata a ɗauki likita da ma'aikacin jinya da su, su ne suka tafi aljihun dillali. Wannan shi ne tushen dokokin da zan yi bayani.

YADDA CINIKIN YA TASO A AMURKA

Ruwa ba ya tsami banza. A shekarar 1996 wani kamfani mai suna Purdue Pharma ya fito da ƙwayar kashe raɗaɗi mai suna OxyContin, wadda dangi ɗaya ce da kodin da tiramol amma ta fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. An tallata ta ga likitoci da cewa ba ta cika kama mutum ba, alhali tana kamawa. Kamfanin ya amsa laifi a gaban kotu a 2007, ya sake amsawa a 2020, kuma cikin laifuffukan da ya amsa a karo na biyu har da biyan toshiyar baki don a riƙa rubuta maganinsa. Waɗanda ƙwayar ta kama, da ta yi musu wuyar samu sai suka koma wa hodar heroyin, daga baya kuma wa fentanil. A 2017 sama da mutum 70,000 ne suka mutu a Amurka saboda shan ƙwaya fiye da kima. A 2021 da 2022 da 2023 adadin ya haura 100,000 a kowace shekara, kafin ya sauko zuwa wajen 80,000 a 2024.

Ana cikin haka sai gwamnati ta yi abin kirki guda biyu. A 2008 ta kafa dokar da ta ce kamfanin inshorar lafiya da ke biyan kuɗin jinyar taɓin hankali da shaye-shaye, kada ya tsananta sharuɗɗa a kansu fiye da sauran cututtuka. A 2010 kuma, zamanin Shugaba Barack Obama, aka kafa babbar dokar inshorar lafiya, wadda ta ba matashi damar zama a ƙarƙashin inshorar iyayensa har ya kai shekara 26, ta kuma hana a ƙi karɓar mutum don yana da tsohuwar cuta. Niyyar mai kyau ce. Amma sakamakonta shi ne, matashi mai shaye-shaye da ke riƙe da katin inshorar ubansa ya zama kamar saniyar tatsa ga duk wanda ya kama shi.

Inda abin ya fi ƙamari shi ne kudancin jihar Fulorida, musamman yankin Palm Beach da garin Delray Beach, inda dama akwai cibiyoyin jinya da yawa saboda daɗin yanayi. Ga yadda ake yi. Dillali zai nemo matashi ta waya ko ta intanet, ko ya tare shi a wurin taron masu ƙoƙarin dainawa, ya yi masa alkawarin tikitin jirgi kyauta, da ɗaki kyauta, da sigari, da 'yan kuɗin kashewa. Da ya iso, sai ya miƙa shi ga cibiyar da ta fi biya, daga ɗaruruwan daloli zuwa dubbai a kan mutum ɗaya. Za a ajiye shi a wani irin gidan haya da ake kira gidan natsuwa, wato inda waɗanda suka daina sha ke zama tare don su ƙarfafa wa juna. Mai gidan shi ma yana karɓar nasa kason a kan kowane ɗan haya da ya tura cibiyar.

Ina kuɗin ke fitowa? Mafi yawa daga fitsari. Ana awon fitsarin majinyaci don a gane ko ya koma sha, kuma awon farko da ɗan kofi ne mai arha. Amma sai a riƙa ɗibar fitsarin sau da yawa a mako, a aika ɗakin gwaji a yi masa awo mai tsada da babu buƙatarsa, a cajin inshora dubban daloli a kan kofi guda. Har laƙabi suka yi wa fitsarin, wai ruwan zinariya. Ɗakin gwajin kuma sai ya mayar wa mai cibiya da likitan da ya sa hannu nasu rabon. Kashe-mu-raba ke nan tun daga sama har ƙasa.

Mafi muni shi ne abin da ke faruwa in kwanakin da inshora ta amince ta biya sun ƙare. Majinyacin da ya samu sauƙi ba shi da sauran amfani a wurinsu. Amma in ya koma sha, sai a buɗe sabon lissafi tun daga farko. Don haka wasu dillalan da hannunsu suke ba yaro kuɗi ko ƙwaya, ya je ya sha, fitsarinsa ya nuna, a sake kwantar da shi a wata cibiya, su sake karɓar la'ada. Haka za a yi ta yawo da shi daga wannan gida zuwa wancan, abin da 'yan jaridar can suka sa wa suna zagayen Fulorida. Likitocin da ke cikinmu sun san haɗarin da ke nan: wanda ya yi makonni bai sha ba, jikinsa ya rage jurewa, in ya koma ya sha daidai yadda ya saba a da, numfashinsa na iya tsayawa. A 2016 kaɗai, kusan mutum 600 ne suka mutu ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima a yankin Palm Beach. Iyaye sun tura 'ya'yansu neman lafiya, aka dawo musu da gawa.

Wanda shari'arsa ta fi tayar da hankali shi ne wani mai suna Kenneth Chatman. Ba likita ba ne, kuma an taɓa ɗaure shi, don haka ya sa sunan matarsa a takardun cibiyoyinsa. An tabbatar a kotu cewa yana barin majinyata su sha ƙwaya a gidajensa muddin inshorarsu na biya, har ya jefa wasu 'yan matan cikin karuwanci. A watan Mayu na 2017 kotun tarayya ta ɗaure shi shekara 27 da rabi.

DOKOKIN DA AKA KAFA

Ba wai Amurka ba ta da dokar hana irin wannan la'ada ba ne. Tun 1972 akwai dokar tarayya da ta haramta bayarwa ko karɓar wani abu don a turo majinyaci, kuma a 1977 aka mai da saɓa mata babban laifi. Sai dai tana aiki ne kawai in kuɗin jinyar daga asusun gwamnatin tarayya ya fito, kamar shirin Medicare na tsofaffi da Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi. 'Yan zagayen Fulorida kuwa masu inshorar kamfanoni masu zaman kansu suke farauta. Wato an toshe ƙofa an bar taga a buɗe.

Ita jihar Fulorida tana da tata dokar tun 1996, wadda ba ta bambanta kuɗin gwamnati da na kamfani ba, amma ta daɗe tana barci a cikin littafi. Sai a 2016 babban mai gabatar da ƙara na yankin Palm Beach, Dave Aronberg, ya kafa runduna ta musamman, aka shiga kame. A 2017 majalisar jihar ta ƙara wa dokar ƙarfi, ta sa hukunci ya riƙa hawa gwargwadon yawan mutanen da aka yi cinikinsu: tarar dala 50,000 in ba su kai goma ba, dala 100,000 daga goma zuwa goma sha tara, dala 500,000 daga ashirin zuwa sama, ban da ɗauri. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Google ya dakatar da tallan cibiyoyin jinyar shaye-shaye a shafinsa, bai dawo da shi ba sai a 2018 da sharaɗin a tantance mai talla tukuna. Da wuta ta yi zafi a Fulorida, sai dillalan suka kwashe kayansu suka nufi wasu jihohi, musamman Kalifoniya, wadda ita ma ta yi tata dokar a 2018. Wannan ya nuna cewa dokar jiha ɗaya ba ta isa ba.

Saboda haka 'yan majalisar dattawa biyu, Marco Rubio na jam'iyyar Rifablikan da Amy Klobuchar ta Dimokurat, suka kawo ƙudurin da aka fi sani da EKRA, wato dokar kawar da la'ada a harkar farfaɗo da masu shaye-shaye. An saka shi cikin wata babbar doka ta yaƙi da annobar ƙwaya, wadda majalisar dattawa ta amince da ita da ƙuri'a 98, mutum ɗaya tak ya ƙi. Shugaba Donald Trump ya sa mata hannu ranar 24 ga Oktoba, 2018. Ga muhimman abubuwan da ta ƙunsa a taƙaice.

Na ɗaya, laifi ne mutum da saninsa ya nemi, ko ya karɓi, ko ya bayar, ko ya yi tayin wani abu don a tura majinyaci gidan natsuwa, ko cibiyar jinyar shaye-shaye, ko ɗakin gwaji. Mai bayarwa da mai karɓa duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Na biyu, ba sai tsabar kuɗi ba. Kyauta ko rangwame, a fili ko a ɓoye, kai tsaye ko ta hannun wani, duk ɗaya ne. Haka nan ba wa shi majinyacin wani abu don ya zo wurinka, shi ma laifi ne.

Na uku, ta shafi inshorar kamfanoni masu zaman kansu, wato ta rufe tagar da dokar 1972 ta bari.

Na huɗu, hukuncinta tara ce har dala 200,000, ko ɗauri har shekara 10, ko duka biyun, a kan kowane karo guda.

Na biyar, ba ta hana cibiya ɗaukar ma'aikaci ta biya shi albashi ba, muddin albashin ba ya hawa ko sauka gwargwadon yawan mutanen da ya kawo, ko yawan awon da aka yi, ko yawan kuɗin da aka caji inshora. A ganina nan ne hikimar dokar take. Ta bar mai aiki ya ci guminsa, ta hana a yi farashin mutum kamar na buhun masara.

An fara ganin aikinta a farkon 2020, lokacin da wata manajar ofishin wani asibitin masu shaye-shaye a jihar Kentaki ta amsa laifin neman toshiyar baki daga ɗakin gwaji don ta riƙa tura masa fitsari. A 2021 kuma aka sami wasu 'yan uwa biyu, Jonathan da Daniel Markovich, da laifi a Fulorida a kan cajin inshora wajen dala miliyan 112. An nuna wa kotu cewa dillalansu kan ba majinyata ƙwaya kafin a kwantar da su. An ɗaure babban sama da shekara 15, ƙaramin kuma shekara 8.

INDA DOKA TA GAZA

Kada in bar ku da zaton cewa da sa hannu magana ta ƙare. A watan Mayu na 2023 gwamnatin jihar Arizona ta sanar da gano wata babbar damfara, inda ake bi da motoci ana kwaso 'yan asalin ƙasar, musamman 'yan ƙabilar Nabaho, ana kai su birnin Phoenix da sunan jinya, a zuba su a gidaje babu magani, ana cajin shirin Medicaid. An ƙiyasta asarar ta haura dala biliyan 2, kuma an rasa rayuka. Wannan kuɗin gwamnati ne, wato abin da doka ta hana tun 1972. Doka tana nan, masu sa ido ne suka yi barci. Mu ma'aikatan gwamnati mun san wannan ciwo, fayil nawa ne muka gani an rubuta masa "a ɗauki mataki" ya shekara a kan tebur?

Bugu da ƙari, an rubuta EKRA cikin gaggawa, don haka lauyoyi suka yi ta jayayya a kan iyakarta. Alal misali, ta ambaci ɗakin gwaji ba tare da ta ce na awon ƙwaya kaɗai ba, sai ta faɗa har kan masu awon wasu cututtuka. Kotuna kuma sun saɓa a kan ɗan tallan da ba ya hulɗa da majinyaci sai da likita, har a 2025 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce dokar na iya hawa kansa in an biya shi ne don ya karkatar da hukuncin likita ta hanyar da ba ta dace ba. Darasi a nan shi ne, in za a rubuta doka, a zauna da waɗanda suka san aikin, a faɗi abin da ake nufi dalla-dalla.

MU DAWO GIDA

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka yi wa laƙabi da na 2018, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Kusan miliyan 3 daga ciki abin ya zame musu cuta mai buƙatar jinya. A jihar Kano kashi 16 cikin 100 aka samu. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC. Muna da asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ga kuma sassan ba da shawara na hukumar NDLEA, amma kowa ya san gadajen ba su kai ko kusa da yawan masu buƙata ba. Inda buƙata ta yi yawa wuri ya yi kaɗan, nan dillali ke shimfiɗa tabarmarsa.

Ba mu manta da 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da sama da mutum 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba, wasu da mari a ƙafa, sannan aka sake samun irinsa a Daura da wasu garuruwa. Iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu, suna biya, bisa shawarar wani da suka yarda da shi. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tabbatar wa majinyaci haƙƙoƙinsa. Wannan ci gaba ne. Amma dokar ICPC ta 2000 ta fi karkata ga cin hancin ma'aikacin hukuma, ƙa'idojin majalisar likitoci kuma, da suka hana likita ɗaukar masu farauto masa majinyata, likita mai rajista kaɗai suke hawa. Mutumin da ya tare yayata a bakin ƙofa ba likita ba ne, ba kuma ma'aikacin hukuma ba.

Akwai wani abu kuma da ke tafe. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa, jihohi ma sun kafa nasu hukumomin taimakekeniyar lafiya. Abu ne mai kyau, ina goyon bayansa. Amma mun ga abin da ya faru a Amurka da kuɗin inshora ya riga sa ido isa wurin. Tun ran gini ran zane.

SHAWARWARI

Ga iyaye da 'yan uwa: duk wanda ya nuna maka wurin jinya, tambaye shi ido da ido, "Malam, kana da wani abu a ciki?" Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Je ka ga wurin da idonka kafin ka biya ko kwabo. Nemi takardar rajistarsu. Tambayi sunan likitan da ke duba majinyata da ranakun da yake zuwa. Tambaya ko za a bar ka ka ziyarci ɗanka ka gana da shi ku biyu. Tambayi shirin da suka yi masa bayan sallama, domin a nan aka fi faɗuwa. Wanda ya yi maka rantsuwar warkewa cikin kwana kaza, ko ya matsa maka ka biya yau-yau, yi hattara da shi.

Ga likitoci da ma'aikatan jinya da masu awo da ke cikinmu: takardar da kuke rubutawa ku tura mutum wani wuri amana ce. Na goron da za a aiko muku a ƙarshen wata, daga kuɗin keken ɗinkin wata marainiyar Allah ya fito.

Ga 'yan majalisa da lauyoyi da manyan ma'aikata da wannan makaranta ta yaye: ku duba yiwuwar doka a matakin jiha, gajeriya bayyananniya, da za ta hau kan mai bayarwa da mai karɓa, ko wane ne shi, ko daga ina kuɗin ya fito, a kuma ware wa masu duba cibiyoyi mota da mai da za su fita aiki.

Ga ƙungiyarmu: ina roƙon Shugaba ya kafa ƙaramin kwamiti na likitocinmu, wanda duk ɗan ƙungiya ko malami da wannan jarrabawa ta faɗa wa gidansa zai iya tuntuɓa a asirce, a nuna masa hanya kyauta. Da yayata ta san akwai irin wannan, da har yanzu tana ɗinkinta. Ni kuma na ɗauki alkawarin yi wa kwamitin aikin sakatare in an amince.

KAMMALAWA

Na san wasu za su so su ji ƙarshen labarin ɗan yayata. Wani abokin ajinmu likita, wanda ke zaune a nan kuma ya hana ni faɗin sunansa, shi ya yi mana hanya zuwa asibitin gwamnati, bai karɓi ko sisi ba. Yaron yana ganin likita wata-wata, ya taɓa zamewa sau ɗaya ya tashi, yanzu yana koyon gyaran waya. Ba mu ce an gama ba, muna dai addu'a, ku ma ku taya mu.

Malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, da 'yan uwanmu ɗalibai da suka rasu, Allah ya jiƙansu da rahama. Waɗanda ke raye Allah ya ƙara musu lafiya, ya saka musu da alheri. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ɗaukaka wannan makaranta, ya mai da kowa gidansa lafiya. Kuskuren da ke cikin maganata nawa ne, ina neman afuwa.